A sauƙaƙa wa likitocin yara hanyar samun sabon ilimi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku in yi magana kan likitocin yaranmu. Kullum ana kukan ba su da yawa, kuma gaskiya ne. Amma kaɗan ɗin da muke da su ma, sabon ilimi ba ya isa gare su a kan lokaci, alhali aikin likita yana sauyawa da abin da bincike ya tabbatar.

A 2010 wani babban bincike a ƙasashen Afirka ya nuna allurar artesunat ta fi kinin ceton yaran da masassarar cizon sauro ta yi wa mugun kamu, ta rage mutuwa da sama da kashi 22 cikin 100, kuma a 2011 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sauya shawararta. Zawo kuwa, tun 2004 aka ce a haɗa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14. Duk da haka, har yau za ka ga uwa ta fito riƙe da takardar magani mai layi biyar, siro kan siro, na jika shida ko bakwai, zink ɗin babu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wasu binciken a kan ƴaƴanmu aka yi su. A Madarunfa an gwada amoksisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kan yara sama da 2,000 masu tamowa wadda ba ta zo da wata cuta ba, sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna bai ƙara yawan yaran da suka warke ba. A jihar Doso an gwada ba yara azitromisin, shi ma maganin kashe ƙwayoyin cuta, rahoton 2018 ya ce mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100. Duka biyun da Ingilishi aka wallafa su, a mujallar Amurka. Likitan da ya fito daga jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Faransanci ya yi karatunsa. Ko yana jin Ingilishin, yaushe zai zauna? A watan Satumba yara biyu, wani lokaci uku, ke kwance a gado ɗaya, iyaye mata sun shimfiɗa tabarmi har baranda. Ya koma gida a gajiye, wuta ta ɗauke, kuɗin intanet kuma daga aljihunsa. Ga ladabinmu: ƙaramin likita ba ya iya ce wa malaminsa an daina yin haka, ko da takardar binciken tana hannunsa.

Mu iyaye ma da namu laifin. Likitan da ya ce mura ce, a ba yaro ruwa da nono a dawo jibi, sai mu ce bai san aiki ba, mu nufi wanda zai yi allura ko ƙarin ruwa.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya da ƙungiyar likitoci: a riƙa taƙaita sabbin binciken da Faransanci, shafi ɗaya ko biyu, a tura wa ma'aikata ta WhatsApp. Tsarin Hinari na OMS yana buɗe wa asibitocin ƙasashe irin tamu mujallun likitanci kyauta, sai a yi wa asibitocin jihohi rajista, a nuna wa ma'aikata yadda ake shiga. Horon da ake yi a otal-otal na Yamai kuma a riƙa kawo shi Tawa, Madawa da Ƙonni kafin damina ta sauka.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin jinya, Tawa