Baje kolin kare muhalli: a ba masu koyarwa tsakiyar fili

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi abin da na gano a bikin baje kolin da ake shiryawa domin masu son gidansu ya riƙa ɗaukar nauyin kansa ta fuskar ruwa, wuta, taki da ɗan lambu, ba tare da ɓata muhalli ba. Wannan ne zuwana na biyu. Da ƙorafi na dawo, ko da yake ban dawo hannu rabbana ba.

A zuwan farko na sayi farantin sola da batir. Mai rumfar ya cika ni da daɗin baki, amma bai gaya min abu ɗaya ba: batir mai ruwa ba a son a zuƙe shi ya wuce rabi. Mu kuwa kullum sai mun bar shi fitila ta yi ja ta mutu. Kafin shekara ta zagayo ya daina riƙe caji. Rabin laifin nawa ne, ban tambaya ba. To amma mutumin da bai san akwai tambaya ba, me zai tambaya?

Bana da na shiga, sai na tarar manyan rumfunan gaba duk na masu sayarwa ne, lasifika na ta amo, janareta na tuƙa hayaƙi a bayansu. Janareta fa, a taron kare muhalli, kusa da masu tallar sola! Ledoji da robobin ruwa kuwa sai ka ɗaga ƙafa.

Har na juya zan tafi, sai na hango wata dattijuwa can jikin katanga, ba allo ba lasifika, gabanta tsibin shara uku. Ta ce, "Malam, tura hannunka cikin na tsakiyan." Na tura, na fizge da sauri, don zafi ne kamar ruwan wankan jariri da ba a sirka ba. Ta yi dariya ta ce takin yana dahuwa ne. Wani matashi da ke taya ta ya ƙara da cewa tsibi mai kyau zafinsa kan kai digiri 55 zuwa 65, kuma wannan zafin ne ke kashe 'ya'yan ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. Ta nuna min yadda ake jera shi: busasshen ganye da kara su fi yawa, sai ɗanyen ganye da ɓawo da kashin dabbobi, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa don iska ta shiga. Ta damƙo kaɗan ta matse a tafina. "In ruwa ya zubo, ya yi yawa. In ya warwatse, ƙishi yake ji. In kuma ya yi wari, ɗana, iska ce babu, ɗauki shebur." Na ukun, wanda ya nuna, baƙi ne wuluk, ƙamshinsa kamar ƙasa bayan ruwan fari. Ban biya ko sisi ba, kuma na fi awa ɗaya a tsugune.

Kusa da ita wani bawan Allah yana lissafi a bayan kwali. Ya ce milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Rufin da ya kai murabba'in mita 50, a inda ake samun milimita 600 a shekara, lita 30,000 ke sauka a kansa, mu kuwa muna kallo tana bin indararo tana tafiya. Ya ja kunnenmu da mu bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye kafin a tara, kuma a rufe tanki da raga saboda sauro. Mai musayar iri ma ta warware min wata tsohuwar damuwa: iri mai aure, wato wanda aka samar ta hanyar haɗa iri biyu daban, in ka ajiye 'ya'yansa ka sake shukawa, ba sa fitowa daidai da uwarsu. Ashe ba ƙasata ba ce ta gaji.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rumfar murhu mai tsimin itace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne kan gaba wajen haddasa ta, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020. Batu mai nauyi irin wannan, amma murhunan na jere fes, ko ashana ba a ƙyasta musu ba. Gani ya kori ji. A auna itace daidai, a hura sabon murhu da na duwatsu uku gefe da gefe, a ɗora ruwa, mata su tsaya su ga wanda zai riga tafasa da wanda ya fi cin itace.

Ba na cewa a kori 'yan kasuwa. Su ma abincinsu suke nema, kuma ƙila kuɗin rumfarsu ne ke ɗaukar taron. Roƙona ga masu shiryawa shi ne a dawo da masu koyarwa tsakiyar fili, a sanya musu lokaci a rubuce. A buɗe rumfar masu gyara, inda mai mataccen batir irina zai kai a duba masa. Duk mai sayar da na'ura a wajabta masa bayyana shekarun da take yi da inda ake samun kayan gyaranta. A kashe janaretan nan, a kafa tankin ruwan sha kowa ya zo da gorarsa.

Tsibina na bayan gida yau kwanansa tara. Da safen nan na tura hannu na ji ɗumi ya fara. Na yi sakaci ban tambayi dattijuwar sunanta ba, don haka in masu shirya taron sun karanta wannan, a isar mata da godiyata, kuma baɗi a ba ta inuwa da kujera.

Naka,
Wani mai ɗan lambu a bayan gida