Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin hayar motoci kan tayoyin hunturu

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Bayan gaisuwa, na rubuto wannan wasiƙa a fili ne saboda saƙonnin da na aika wa reshenku na Munich sun tafi babu amsa, kuma abin da ya same ni zai iya samun duk baƙon da ke zaune a Jamus wanda bai saba da tuƙi cikin dusar ƙanƙara ba.

A hutun ƙarshen shekara na yi hayar mota a wurinku domin in kai iyalina Salzburg da ke ƙasar Ostiriya, tafiyar da ba ta wuce kilomita 150 ba a kan babbar hanyar A8. Na bayyana inda za mu tun lokacin da nake cike takarda, na biya kuɗin tsallaka iyaka, na kuma biya ƙarin kuɗin tayoyin hunturu, kuma duka biyun suna rubuce a rasit. Da muka kai hawan Irschenberg, dusar ƙanƙara na sauka, sai motar ta fara zamewa, ga yara a kujerar baya. Na lallaɓa har Rosenheim, inda wani bakanike ya nuna mini cewa tayoyin suna ɗauke da harufan M+S (wato laka da dusar ƙanƙara) kawai, babu alamar dutse mai ƙwayar ƙanƙara a ciki, wadda ita ce shaidar tayar hunturu a Jamus.

Ku da sana'arku ke nan kun fi ni sanin ma'anar wannan. Tun daga watan Oktoba na 2024 dokar Jamus ta daina karɓar harufan M+S su kaɗai a matsayin shaidar tayar hunturu, kuma direban da aka kama da irin wannan taya a kan ƙanƙara zai biya tarar yuro 60 tare da maki ɗaya na laifi a rajistar laifuffukan tuƙi da ke birnin Flensburg, yayin da mai motar da ya bari aka fita da ita zai biya yuro 75. Ke nan dokar kanta ta ɗora muku alhaki. Ostiriya ma tana wajabta tayoyin hunturu daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu muddin akwai ƙanƙara a hanya, kuma ga baƙo irina, wanda ke kaffa-kaffa da takardunsa, shiga hannun 'yan sanda ba ƙaramin abu ba ne.

Da na kira layinku na gaggawa, an ce mini babu wata mota sai washegari, don haka muka juya gida. Kuɗin masauki da na takardar izinin hawa manyan hanyoyin Ostiriya duk sun salwanta. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ma'aikacinku da ya ce ai da na duba tayoyin kafin in tashi, alhali ku ne kuka karɓi kuɗin abin da ba ku bayar ba.

Ina buƙatar ku mayar mini da kuɗin hayar gaba ɗaya, ku biya asarar masauki da ta takardar hanya, sannan ku rubuto mini matakin da kuka ɗauka kan sauran motocin wannan reshe. Idan makonni biyu suka cika ban ji daga gare ku ba, zan miƙa rasit da hotunan tayoyin ga cibiyar kare haƙƙin masu saye ta jihar Bavariya.

Naku,
Wani abokin cinikinku mazaunin Munich