Godiya ga Cibiyar da ta Haɗa Yoga da Kiɗan Makaɗa

Zuwa ga shugabar cibiya, malamai da makaɗa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in yaba muku bisa shawarar da kuka yanke ta ajiye na'urar sauti a gefe, kuka kawo mai busa sarewa da mai kaɗa ƙaramar ganga suna zama tare da mu a ɗakin atisayen yoga, wato motsa jikin da ake haɗawa da daidaita numfashi da natsuwa. Yabon gwani ya zama dole.

Kiɗan da aka naɗa ba ya jiran kowa. Ɗalibi ne zai bi shi, ko numfashinsa ya kai ko bai kai ba. Mai sarewarku kuwa idonsa yana kan ɗalibai. Idan malama ta ce a shaƙi iska, sai ya ɗaga sautin a hankali, idan aka zo fitarwa kuma ya ja shi ya tsawaita, har mutum ya riƙa daɗewa wajen fitar da iskar fiye da shaƙarta ba tare da ya ƙirga komai ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin bugun zuciya yakan ragu a lokacin fitar da numfashi, kuma daga nan ne kafaɗu da wuya suke fara sakewa. Na ga ranar da ƙafar wata dattijuwa ta kama rawa a tsayuwar ƙafa ɗaya: mai ganga ya sassauta hannunsa nan take, malama ta jawo mata kujera ta dafa, babu wanda ya ji an bar shi a baya.

Abin da kuke yi yana da tushe. A Indiya, inda yoga ta samo asali, akwai tsohon reshenta da ake kira Nada, wanda aka gina kan sauraron sauti domin tattara hankali. A shekarar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, sai dai a ganina wurare da yawa sun mai da ita gasar lanƙwasa jiki, alhali ku kun riƙe numfashi da natsuwa a matsayin ginshiƙi.

Haka kuma ina jinjina wa gaskiyarku. Kafin sabon ɗalibi ya shimfiɗa tabarmarsa sai kun tambaye shi ko yana da hawan jini, ciwon baya ko tiyatar da bai gama warkewa daga gare ta ba, kuma ba ku taɓa cewa kiɗa ko yoga za su maye gurbin maganin likita ba. Kun ma tuna mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar babban mutum da ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, saboda haka kada mu tsaya ga ajinku kaɗai.

Roƙona shi ne ku ci gaba da riƙe waɗannan makaɗa da daraja, ku kuma ƙara aji ɗaya da yamma domin ma'aikatan da safiya ba ta ba su dama. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira.

Taku da girmamawa,
Ɗaya daga cikin ɗalibanku