Takardar Koke Kan Wasa da Iskar Gas Mai Fashewa a Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu dattawan unguwa da iyayen yara da malaman makaranta, tare da wasu daga cikin masu walda da ke bakin titinmu, mun kawo kukanmu gabanka ne a kan wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin samarinmu, wato haɗa sinadarai domin su fitar da iskar gas mai kamawa da wuta, wasu da sunan wasa, wasu da sunan gwajin kimiyya, wasu kuma don neman na kashewa.

Abin da ya sa muka kasa yin shiru ya faru ne ana saura kwana biyu Ƙaramar Sallah. Da la'asar sakaliya aka ji wata ƙara daga kangon da ke bayan masallaci, mata suka fito a gigice ko mayafi babu. Da aka isa wurin sai aka tarar da yara huɗu, babbansu bai kai ga kammala ƙaramar sakandare ba, ga kuma gwangwanin madara a ƙasa ya tsage kamar an sa masa almakashi. Kabaid suka jiƙa a cikinsa suka kunna ashana, da bai tashi nan take ba sai ɗayansu ya sunkuya ya leƙa, murfin ya same shi a fuska. Girarsa da gashin goshinsa sun babbake, kuma har yau ana kai shi asibiti saboda idonsa na hagu. Da aka tambaye su inda suka samo kabaid ɗin, sai suka ce wani yaron gareji ne ya sayar musu da 'yan kuɗi kaɗan. Da aka tambayi inda suka koyi abin, ƙaraminsu ya ce a wayar yayansa suka gani.

Allah ya ja zamaninka, malaman kimiyyar da ke cikinmu sun yi mana bayanin da ya ƙara tsorata mu. Kabaid idan ya haɗu da ruwa yana fitar da iskar asitilin, wadda ita ce masu walda ke haɗawa da iskar oksijin su yanka ƙarfe, da harshen wuta mai zafin da ya haura digiri 3,000. Idan iskar asitilin ta kai kashi biyu da rabi cikin ɗari kacal na iskar ɗaki, tartsatsi guda ya isa ya tayar da ita. Sannan ba ta jure matsi, shi ya sa tukunyar da kamfani ke ƙera mata ake cika cikinta da wani abu mai kama da soso, a jiƙa shi da sinadarin da ke riƙe ta. Tankunan da ake haɗawa da hannu a wasu gareji ba su da wannan, kuma da yawansu ba su da abin da ke hana wuta komawa baya ta cikin tiyo. Masu waldar da suka sa hannu a wannan takarda su da kansu suka faɗi haka, kuma mun yaba musu, domin ba kowa ne zai fallasa aibin sana'arsa ba.

Akwai kuma balan-balan mai tashi sama da ake sayar wa yara a ranakun Sallah. Iskar da ta dace a hura masa ita ce hiliyam, wadda ba ta cin wuta, amma tana da tsada, don haka wasu samari ke dafa tasu a bayan gida da soda mai ƙuna da tarkacen alminiyam. Abin da ke fitowa haidurojin ne, wanda ke kamawa muddin ya kai tsakanin kashi 4 zuwa 75 cikin ɗari na iska, kuma da rana da ƙyar ido ke ganin harshen wutarsa. Irin wannan iskar ce ta cinye Hindenburg, wani ƙaton jirgin sama mai kama da balan-balan, a Amurka a shekarar 1937, mutum 36 suka mutu, alhali ƙwararrun injiniyoyi ne suka ƙera shi. Mu kuwa ga yarinya 'yar shekara biyar da kwalliyar Sallah, tana riƙe da zaren irin wannan balan-balan a gefen tukubar mai tsire. Ruwan sodar ma kansa yana cin fata, idan kuma ya fantsama a ido yana iya makantarwa.

Ba za mu tsallake masu juye gas ɗin girki daga babbar tukunya zuwa ƙarama a shagunan da ke manne da gidaje ba. Wannan gas ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaye kwanciya yake yi a ƙasa, ya bi kwata da ƙarƙashin ƙofa har ya iske murhun wani. A ranar 4 ga Janairun 2020 wani shagon gas ya fashe a Sabon Tasha da ke Kaduna, aka yi asarar rayuka, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna roƙonka, ranka ya daɗe, da ka kira shugabannin masu walda da na masu gyaran jikin mota, ka ja musu kunne cewa kada a ƙara sayar wa yaro kabaid ko a ba shi kyauta, a kuma riƙa ajiye shi a rufe, a wuri busasshe. Muna roƙon a sa mai shela ya zaga kafin Babbar Sallah ya sanar da haramcin hura balan-balan da iskar da aka dafa a gida, limamai kuma su ƙarfafa maganar a huɗuba, tunda iyaye da yawa ba su san abin da suke saya wa 'ya'yansu ba. Batun shagunan gas da tankunan gareji ya fi ƙarfinmu, sai dai ka isar da shi ga ƙaramar hukuma da hukumar kashe gobara da hukumar NMDPRA mai kula da harkar rarraba man fetur da gas, wadda ke ba da lasisi, su zo su duba, wanda bai cika ƙa'ida ba a nema masa wuri nesa da gidaje maimakon a raba shi da abincinsa.

Yaran nan kuwa ba ma neman a kai su ga 'yan sanda. Son sanin yadda abubuwa ke aiki ne ya ja su, kuma biyu daga cikin malamanmu sun yarda su riƙa karɓarsu ranar Asabar a ɗakin gwaji na makarantar sakandare, su nuna musu gwajin da ba ya cutarwa, idan ka sa baki shugaban makarantar ya amince.

Muna roƙon ka sanya mana ranar da wakilanmu za su zo fada, tare da mahaifin yaron da ya ji rauni, wanda ya ce zai taho da gwangwanin domin ka gani da idonka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nasara.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Dattawa, iyaye, malamai da masu sana'a na unguwa.