Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Rarraba Kaya a Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu alhazai da hajiyoyi, yayye da ƙanne, muna godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan shekara. Lissafin kuɗi ma'aji zai karanta shi da kansa a zauren taro, wannan kuwa rahoton ofishin sakatare ne.

Taron wata-wata ya ci gaba a Aboabo kamar yadda aka saba, sai dai halarta ta yi rauni a damina. Adashi bai tsaya ba. Mun je ta'aziyya da suna da ɗaurin aure a gidajen mambobi, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Bayan gobarar kasuwar Adum ta ranar 21 ga Maris mun yi karo-karo ga 'yan'uwan da abin ya shafa. An kuma soke harajin tura kuɗi ta waya a watan Afrilu, wanda aka ɗora mana tun 2022, don haka wannan ƙorafi ya fita daga ajandarmu.

Abin da ya ci mana shekara shi ne maganar manhajar tafiyar da sito da ciniki. Kamfanonin da muke ɗaukar madara da sabulu da taliya a hannunsu yanzu suna son sanin katan nawa ya fita kowace rana, da shagon da ya tafi. Hukumar haraji ta GRA kuma tun 2022 ta fara tsarin rasit na lantarki da manyan kamfanoni, kuma ba mai tsammanin a kansu zai tsaya. Littafi da biro sun yi mana hidima, amma sun fara gazawa. Shi ya sa babban taro ya kafa kwamiti ya duba wace iri ta dace da mu.

Iri biyu ne. Akwai wadda ake saye a girka a kwamfutar ofis, bayanai suna nan cikin ɗakinka, muka sa mata suna ta gida. Akwai kuma ta gajimare, wadda ke zaune a manyan kwamfutocin wani kamfani, sau da yawa a Turai ko Afirka ta Kudu, kana shiga ta intanet kana biya wata-wata. Ita muka riƙa kira ta haya. Wasu manhajojin, irin su Odoo, ana samun su ta kowace fuska.

Da farko dattawa ta gida suka tsaya wa, kuma ba da ka suka yi magana ba. Kowa na tune da 14 ga Maris 2024, ranar da igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace lokaci guda, hukumar sadarwa ta ƙasa ta ce gyara zai ɗauki aƙalla mako 5. Ɗaya daga cikinmu da ya riga ya koma ta haya, mota na tsaye a ƙofar sito, 'yan lodi na jira, ya kasa fitar da rasit ko ɗaya, alhali maƙwabcinsa mai tsohuwar manhajar lissafi ta Tally a kwamfutar tebur yana ta ciniki. Sai kuma batun dala. Yawancin masu ba da haya da dala suke yanka farashi, mu kuwa ba mu manta 2022 ba, lokacin da sidi ya zube, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba. Gaskiya ne bana sidi ya farfaɗo, daga sama da 15 kan kowace dala a Afrilu zuwa kusan 10 a Yuni, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Gobarar Adum ce ta juya muhawarar. Wani ɗan'uwanmu, wanda ya yarda a faɗi labarinsa ba tare da suna ba, yana da manhajar gida, kuma ba sakarai ba ne: duk ranar Asabar yana kwafe bayanai a filash. Filash ɗin kuwa a aljihun teburin da kwamfutar ke kai yake ajiye shi. Wuta ta ci duka biyun. Kaya dai an yi masa karo-karo, kamfani ma ya ɗaga masa ƙafa, amma littafin bashi fa? Sai da ya bi masu shaguna ɗaya bayan ɗaya, daga Asawase zuwa Tafo, yana tambaya, "Hajiya, nawa ne tsakaninmu?" Masu tsoron Allah suka buɗe nasu littafin suka nuna masa. Wasu kuwa mantuwa ta same su daidai wannan makon. Da ya ba da labarin a taron Mayu, ba wanda ya ce uffan. Mu masu rarraba kaya rabin dukiyarmu tana hannun mutane ne, rubutu kaɗai ke riƙe da ita.

Daga nan kwamiti ya sake lissafin tsadar ta gida. Kuɗin saye sau ɗaya ne kawai ake gani, amma a bayansa akwai batir da inbata ko janareta don ranar da wuta ta ɗauke, da kuɗin sabuntawa, da na yaron da ke kula da ita. Wannan yaron ma wata matsala ce da ba a son faɗa: sau da yawa ɗan gida ne, shi kaɗai ya san kalmar sirri, ranar da ya samu makaranta a Ankara, babban birnin Ghana, ko ya yi fushi ya tafi, maigida ya zama baƙo a kwamfutarsa.

Don gani ya kori ji, mun gwada manhajojin haya biyu a wayoyin yaran talla da ke bin hanyar arewa, ta Techiman da Kintampo da Buipe har Tamale. Ni kaina na bi mota sau ɗaya. A wani ƙauye bayan Kintampo sabis ya ɗauke, ɗaya manhajar ta ƙi buɗewa sam, mai shago na tsaye da kuɗinsa a hannu, yaron ya yage gefen kwali ya rubuta katan 6 na madara da biro. Kwalin nan bai iso Kumasi ba. Ɗayar kuwa ta karɓi odar ta ajiye a cikin waya, da muka shiga inda akwai sabis ta tura da kanta, kafin mu ci abincin rana mai sito ya riga ya gani. Wannan tafiyar ta koya mana fiye da duk zaman da muka yi da dillalan manhaja, waɗanda kullum a ofis mai intanet mai ƙarfi suke nuna kayansu.

Ga shawarar da kwamiti ya kawo kuma taro ya amince da ita. Mai motoci ko aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) da yaran talla a waje, ko mai sito fiye da ɗaya, ta haya ta fi masa, amma kada ya sa hannu sai ya ga da idonsa tana aiki ba sabis, an rubuta farashi da sidi na tsawon shekara, kuma yarjejeniya ta ba shi ikon sauke dukan bayanansa duk ranar da ya so, har da ranar da zai bar su. Wani dillali da muka yi masa wannan tambaya ta ƙarshe sai ya fara kame-kame, muka sallame shi. A kuma tambayi inda ake ajiye bayanan da wanda ke iya ganinsu, domin sunaye da lambobin abokan ciniki amana ce, kuma dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora nauyinsu a kanmu. Mai sito ɗaya da ke sayarwa a ƙofa kuwa ba mu ce lallai ya canza ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sharaɗi ɗaya muka roƙe shi: kwafin bayanai ya kwana a wani gida dabam, kullum.

Adalci ne in rubuta cewa biyu daga cikin iyayenmu ba su gamsu ba. Ɗayansu ya ce, "Malam Sakatare, ni ban taɓa ajiye littafin bashina a gidan wani ba, ba kuwa zan fara da tsufa ba." Mun girmama ra'ayinsa, ɗansa dai ya yi alkawarin tafiya da filash gida kowace yamma.

Abin da ba mu cim ma ba shi ne cinikin taro, wato mambobi su haɗu su yi haya tare don a samu ragi. Wasu na tsoron maƙwabci ya leƙa farashinsu, ko da yake kowa da asusunsa dabam. Horon yaran talla ma sau ɗaya kawai aka yi, laifin ofishina ne. Za mu sake shi kafin azumi in Allah ya yarda, kowane mamba ya turo yaro ɗaya da wayarsa a cike da caji. Masu bashin kuɗin wata kuma su ga ma'aji kafin taron Janairu.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya