Masu bashin waya sun addabi jama'a, a duba lamarin nan

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan waɗannan manhajojin bada bashi na waya, don yanzu kusan kowace unguwa sai ka samu wanda suka ci wa mutunci.

Za ka sauke manhajar ne ka sa BVN da lambar akawun, kafin ka ajiye wayar alat ya shigo, dubu ashirin ko talatin, sun riga sun yanke nasu tun daga sama, wa'adi kuma sati ɗaya ko biyu. Wurin da ake danna an yarda ba wanda yake tsayawa karantawa, alhali nan ne ka miƙa musu duk lambobin da ke wayarka. Ranar da ka makara sai saƙo ya fara zuwa wa surukinka da limamin unguwa da oganka a wurin aiki wai wane ɗan damfara ne a guje shi. Wani tela maƙwabcinmu hotonsa suka ɗauka suka haɗa da sanarwar rasuwa suka watsa a WhatsApp, mahaifiyarsa tsohuwa mai hawan jini aka fara kira ana mata gaisuwa, shi kuwa yana shago yana fama da ɗinkin sallah.

Ni ban ce kar a biya ba, bashi hanji ne yana cikin kowa, wanda ya ci dole ya biya, maganar kuɗin ruwa kuwa wannan na bar wa malamai. Amma tozarci ba ya cikin yarjejeniya, kuma doka ma ta hana. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa NITDA ta ci tarar ɗaya daga cikin kamfanonin nan naira miliyan 10 kan tura wa mutane irin wannan saƙo, a Maris 2022 hukumar kare masu sayayya FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, sannan a 2023 Google ya hana su taɓa lambobi da hotunan mutane, shi ya sa yanzu wasu suka koma turo manhajar ta bayan fage. Barazanar za mu turo maka 'yan sanda ma burga ce kawai, dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce ba a kama mutum kan bashi zalla, sai dai a je kotu.

Su ma masu karya layi su jefar, wallahi ba mafita ba ce, BVN na nan, sunanka zai iya shiga rajistar masu taurin bashi, in kuma na banki ne tun 2020 babban banki CBN ya ba bankuna damar zarar kuɗin daga duk akawun da kake da shi. Mafi muni masu ciwo bashi a wata manhajar su biya wata, kafin wata uku sun tara biyar. Gara ka ajiye duk saƙonnin zagin a matsayin hujja, ka rubuta musu abin da za ka iya biya duk wata, ka riƙe rasit, ka kai ƙorafi FCCPC.

Roƙona ga hukumar, sanarwar da suke yi kan wannan lamari galibi da Turanci ce a intanet, a kawo ta gidajen rediyo da Hausa mana, telan nan har yau bai san akwai inda zai kai kuka ba.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano