Bayanin Kwamitin Gyaran Famfo Kan Inda Kuɗin Gudummawa Suka Tafi

Assalamu alaikum. Tunda har an fara cewa kwamiti ya sayi na'urar gyara ruwa da ba a buƙata, gara mu yi bayani kowa ya ji.

An tara kuɗi, an kira mai gyaran famfo, an wanke tanki. Babu wanda ya yi ƙorafi a kan wannan.

Lissafi ya canja ne ranar da aka yanke bututun ruwan zafi. Farin ɓawo mai tauri kamar dutse ya toshe cikinsa, ɗan ramin da ya rage da ƙyar fensir ke shiga. Ruwan burtsatsenmu na ɗauke da sinadaran kalsiyam da magnesiyam masu yawa, kuma zafi ne ke sa su daskare a jikin ƙarfe, shi ya sa hitocinmu ke ta ƙonewa. Mun fara da hanya mai sauƙi, aka zagaya ruwan tsami cikin bututun don ya narkar da ɓawon. Ya narkar kuwa, sai ga yoyo ta ko'ina. Ashe ɓawon ne ya rufe wuraren da tsatsa ta huda tuntuni. Dole aka sauya layin gaba ɗaya, abin da ba ya cikin kasafinmu.

Sai na'urar da ake ta magana a kai. Wasu sun ce me ya hana mu sayi maganaɗisun nan da ake ɗaurawa a bututu don hana ɓawo taruwa, tunda ya fi araha? Mun nemi gamsasshiyar hujja cewa yana aiki, ba mu samu ba. Wadda muka saya tana cire kalsiyam ɗin ne ta musanya shi da sodiyam, gishiri kawai take so a riƙa zuba mata. Mun bar famfon kicin ba ya bi ta cikinta, saboda yawan sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, bai dace da masu hawan jini ba. Hitoci kuma an tsayar da su a digiri 60. Sama da haka ɓawo ya fi saurin taruwa, ƙasa da haka sosai ƙwayoyin cuta na iya samun wurin zama. Rasit na wajen ma'aji ga mai son gani.

Godiya ta musamman ga dattijonmu da ya ɗauki nauyin sabon bututu ya kuma hana a ambaci sunansa, da Hajiya da ta ranta mana kuɗi lokacin da aiki ya tsaya cak. Allah Ya saka musu da alheri, Ya ƙara buɗi.

Amma fa bene na sama har yanzu tsohon bututu ne, kuma bashin Hajiya na wuyanmu. Masu alkawari don Allah su cika, ma'aji na jiranku.